Bayan An Kunna Fitilu

Ni nake yaga tikiti a bakin ƙofa,
sinima ta uku a titin Korientes.
Fim ɗin nan na gan shi sau talatin da huɗu,
amma ta ƙeyar mutane nake ganinsa,
ta bakinsu nake jin sa
in an kunna fitilu.

Labarin dai ɗaya ne:
tsoho mai tabarau ya sauko daga bas
riƙe da ƙunshin abincin dare,
mutum uku suka rufa masa cikin duhu.
Sunan da ke katinsa na aro ne.
Na gaskiyar yana can ƙetaren teku
a ƙasan takardu dubu,
kowace takarda tarago guda, cike da mutane.

Lisandro, ɗalibin lauya, shi ke fara fita,
yana sa rigar ruwa yana yanke hukunci:
"Ko ɓarawo ka sace, ka yi sata.
Ina sammaci? Ina iznin ƙasa?"
Malena ba ta tanka masa ba,
ta dai zare hannunta daga nasa
ta cusa cikin aljihu.

Doña Herminia kuwa ɗan wasan ya dame ta:
"Wannan kyakkyawan suka ba muguntar?
Ya yi ta shafa kan ɗansa
har tausayi ya kama ni,
sai na ji kunyar kaina.
Ba don a yi min haka na biya kuɗina ba."

Wani yaro ya ce ko harbi ɗaya babu,
awa biyu ana zaune a ɗaki ana busa sigari.
Wani ya ce an zuba gishiri.
Wata ta ce gishirin bai ma ji ba.

Don Anselmo mai gidan burodi ya tsaya kusa da ni,
yana murɗa hularsa kamar zai tatse ta.
"Mun yi irinsa a unguwarmu," in ji shi,
"ba ya cin bashi, ba ya ɗaga murya,
tattabaru yake kiwo a bayan gida.
Shekara tara ina sayar masa da burodi.
Ban ce shi ne ba. Ban ce ba shi ba ne.
Ban tambaya ba."
Na ce, mugu ai ba shi da kama.
Ya ce, "Wanda ya yi shiru fa, wace kama gare shi?"
Ya fita cikin ruwa, ya bar lemarsa.

Rana dubu ta ɓarawo, in ji masu fita,
rana ɗaya ta mai kaya.
Ni dai ina ƙirga kujeru ina tunani:
in masu kayan sun zama hayaƙi,
wa zai karɓi ranar?

Perla ce ke fita ƙarshe,
duk Talata, kujera ta goma sha huɗu,
hannun rigarta a sauke ko da ana zafi.
Sau ɗaya na tambaye ta yadda ta gani.
Ta ce, "Kiɗan ya yi yawa.
Ranar da aka tafi da ƙanwata
ba wanda ya kaɗa komai.
Karnuka ne kawai, da wani yana kiran lamba."
Na ce, to me ke dawo da ke?
Ta gyara maɓallin rigarta.
"Akwai wurin da suka miƙa masa kofin ruwa,
hannunsa na rawa, ruwan ya zube a wando.
Bai kai minti ɗaya ba.
Shi nake saye."

Na share gugguru tsakanin kujeru,
na ajiye lemar Don Anselmo bayan kanta.
Ƙarfe tara za a sake kashe fitilu,
tsohon zai sake saukowa daga bas
da ƙunshinsa a hannu,
bai san komai ba,
mu kuma mu yi shiru a cikin duhu
kamar maƙwabta.